Yadda Ake Gane Shekarun Tsohuwar Kwalba

Tambaya: Ina sha'awar tara tsofaffin kwalabe. Na samu wata mai faɗin baki, irin ta adana abinci, da sunan Mason da 1858 a jikinta. Shin a shekarar aka yi ta?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, malam. Mutane da yawa haka suke ɗauka, kuma ba laifinsu ba ne. A ranar 30 ga Nuwamba, 1858, John Mason na Amurka ya samu takardar mallakar fasahar kwalba mai murfin murɗawa. Masana'antu suka ci gaba da buga wannan kwanan wata a kwalabensu har farkon ƙarni na 20. Saboda haka lambar ta fasahar ce. Shekarun kwalbar kuwa, sai a duba yadda aka ƙera ta.

Fara da gindinta. A da, da baki ake hura narkakken gilashi ta bututu, sannan a manna sandar ƙarfe a gindi don a gyara bakin kwalbar. In an ɓalle sandar, sai ta bar tabo mai kaushi. Kwalbar Amurka mai wannan tabo galibi ta riga 1870.

Daga nan sai layin haɗi, wato siririn zanen da mazubi ke bari a gefen kwalba. In ya tsaya a wuya, da hannu aka gama bakin. In ya haura har saman leɓe, kuma leɓen sumul yake, aikin inji ne. Michael Owens ya fito da injin yin kwalba mai sarrafa kansa a 1903, don haka irin wannan galibi ta ƙarni na 20 ce. A kwalaben Mason na farko kuwa, leɓen yana da kaushi, domin goge shi aka yi.

Launi ma shaida ne. Daga wajajen 1880 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana zuba sinadarin manganis don gilashi ya fito garau. In ya daɗe a rana, sai ya koma shunayya-shunayya. Amma a yi hattara, wasu 'yan kasuwa na canza masa launi da gangan.

Kada ka yanke hukunci da alama ɗaya, domin har yau ana yin kwaikwayon waɗannan kwalabe. Sai gindi da layi da leɓe sun yi magana ɗaya kafin ka biya kuɗi mai tsoka.