Wasiƙa ga 'Ya'yanmu Masu Koyon Zamiya a Ƙasashen Ƙanƙara

'Ya'yana, maza da mata, ku da ke zaune a Norwe da Suwidin da Finlan da Kanada da garuruwan gindin tsaunukan Alps, da waɗanda karatu ya kai can da waɗanda a can aka yanke musu cibi. Labari na zuwa cewa wasunku sun daina kulle kansu a ɗaki tsawon hunturu, sun fara ɗaura katakon zamiya a ƙafa suna fita kan dusar ƙanƙara. Wasu tseren dogon zango cikin daji ke burge su, wasu kuma so suke su haye tsauni da ƙafarsu su zamo ƙasa. Abin farin ciki ne, domin wanda ke zaune inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata huɗu ko biyar, bai kuwa san yadda ake morarta ba, kusan rabin shekararsa a tsare yake yi. Shawara guda nake ɗauke da ita, na kuma san ba za ta yi wa mai jini a jika daɗin ji ba: ku koyi riƙe kanku. Wanda ya iya tafiya a hankali lokacin da zuciya ke ce masa ya ƙara wuta, shi ke cin tsere bayan shekaru, shi ne kuma ke komawa gida da ransa daga kan tsauni.

Mu fara da hujjar da ba a musu. Marit Bjørgen 'yar Norwe ta tara lambobin yabo 15 a gasar Olamfik ta hunturu, 8 daga ciki na zinare, kuma ranar da ta yi ritaya a 2018 babu namiji ko mace da ya kai ta yawa. A 2017 masu bincike a ƙasarta suka duba littattafan da take rubuta atisayenta na kullum, suka ƙididdige shekaru biyar da ta fi haskakawa. Suka tarar tana yin kusan sa'a 940 a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na aikin juriyarta a hankali take yinsa, irin tafiyar da mutum ke yi yana hira da abokinsa, yana kai ƙarshen magana ba tare da haki ya katse shi ba. Gudun fitar rai, wanda ake ganinta tana yi a talabijin, ɗan ƙaramin kaso ne na shekararta. Masanin nan Stephen Seiler, Ba'amurken da ke koyarwa a Jami'ar Agder ta Norwe, ya daɗe yana nuna cewa haka zakarun wasannin juriya suke, ko masu gudu ne ko masu tuƙin kwale-kwale ko masu zamiya: cikin fita goma, kusan takwas masu sauƙi ne, biyu ne masu zafi.

Dalilin yana cikin halittar jiki. Doguwar tafiya mai sauƙi ce ke sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, ita ke yawaita ƙananan jijiyoyin da ke ratsa tsoka, ita ke koya wa tsoka ƙona kitse maimakon ta cinye ɗan sukarin da ta ajiye cikin sa'a ɗaya ko biyu. Duk wannan sai da watanni da shekaru yake samuwa, kuma ƙashi da gaɓoɓi da jijiyoyin da ke ɗaure su sun fi huhu da zuciya jinkirin sabawa. Tukunyar da aka sa wa wuta tun ba ta bushe ba tsagewa take yi, kuma a jikin ɗan wasa tsagewar tana fitowa ne a gwiwa ko ƙwauri ko ƙugu. Kuskuren da matasa suka fi faɗawa ciki shi ne na tsakiya. Za ku fita ku huɗu da niyyar tafiya mai sauƙi, ɗaya ya ɗan wuce gaba a hawa, na biyu ya ƙi yarda a bar shi, kafin a kai rabin hanya kowa na haki, ba mai magana. An mayar da ranar hutu ranar tsere. Gobe kuma, ranar da ya kamata a yi gudu mai zafi na gaske, ƙafa ta yi nauyi, sai a yi rabi-rabi. Mako ya bi mako a haka, gajiya na ƙaruwa, gudu bai ƙaru ba.

Wani zai ce, Baba, ai an tabbatar cewa gudu mai zafi na 'yan mintuna ana hutawa ana komawa yana ƙara ƙarfin numfashi cikin makonni kaɗan, me zai sa mu ɓata sa'o'i muna jan ƙafa? Gaskiya ya faɗa, ban kuma ce a bar shi ba. Wanda bai taɓa saba wa jikinsa da zafin tsere ba, ranar tsere zai sha mamaki. Sai dai ribar wannan aikin da sauri take zuwa, da sauri kuma take tsayawa, kuma iyakarta gwargwadon harsashin da ke ƙarƙashinta ne. Sau biyu a mako ya ishi matashi mai lafiya, da sharaɗin ya zo musu da hutacciyar ƙafa. Wanda lokacinsa kaɗan ne saboda makaranta ko aiki zai iya ɗan ƙara kason mai zafi, amma ko shi bai kamata ya yi kwana biyu a jere yana wahalar da kansa ba.

Yawancin wannan aiki kuwa da rani ake yinsa, lokacin da babu ko ƙwayar ƙanƙara a ƙasa. Daga watan Mayu za ku ga 'yan wasan Norwe da Suwidin a gefen kwalta kan gajeren katako mai taya, ko suna haye tudu da sanduna a hannu, ko suna gudu cikin fadama, ko suna ɗaga ƙarfe domin ƙarfin ciki da baya da kafaɗa. Kafaɗar nan ba ƙaramin aiki take yi ba. A tseren Vasaloppet na Suwidin, mai tsawon kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, wanda aka fara tun 1922, manyan 'yan wasa yanzu da turin sanduna biyu kawai suke cinye hanyar tun daga farko har ƙarshe. Sannan ga gwaninta, wadda ƙarfi ba ya saye. Asirin zamiya shi ne mutum ya ɗora nauyinsa gaba ɗaya kan ƙafa guda, ya bar katakon ya tafi da shi, sannan ya juya nauyin kan ɗayar. Sabon shiga tsoron faɗuwa ke sa ya raba nauyinsa biyu, sai ya riƙa tafiya kamar mai jan silifa. Maganinsa a ajiye sanduna a gefe, a nemi fili shimfiɗaɗɗe, a yi ta kai da komo a hankali har ƙafa ta yarda. Philip Boit na Kenya gwanin gudu ne tun kafin ya taɓa ganin ƙanƙara. Bayan kimanin shekara biyu yana koyo a Finlan ya shiga tseren kilomita 10 a gasar Olamfik ta Nagano a 1998, ya zo na ƙarshe, har Bjørn Dæhlie da ya ci zinare ya tsaya jiransa a bakin layi ya rungume shi. Huhun Boit bai gaza ba, shekarun sabo ne bai tara ba tukuna. Abin koyi a wurinsa shi ne bai yi zuciya ba, ya koma a 2002 da 2006.

A nan ne ƙorafi mafi nauyi ke zuwa: 'ya'yan ƙasashen nan tun suna shekara uku aka ɗora su kan katako, mu kuwa mun makara, in ba mu ninka ƙoƙari ba yaushe za mu cim musu? Ku dubi yadda su ɗin suka taso. Tun 1987 Norwe ke da ƙa'idojin kare yara a wasanni, waɗanda suka hana jera sakamako daga na ɗaya zuwa na ƙarshe kafin yaro ya kai shekara 11, suka kuma hana shi gasar zakarun ƙasa kafin 13. Ƙasar da ta fi kowa cin lambobi a wannan fage da gangan take jinkirta gasa. Johannes Klæbo, wanda ya kwashe zinare shida cikin shida a gasar duniya ta Trondheim a 2025, kakansa ne ya rene shi a wasan shekara da shekaru. Samuel Ikpefan, wanda ya wakilci Najeriya a tseren dogon zango a Olamfik ta Beijing a 2022, a yankin Alps na Faransa ya girma, tun yana yaro yake zamiya. Shekaru goma ba sa matsuwa su shiga cikin biyu, kuma wanda ya gwada, rauni ne zai ƙara mayar da shi baya. Ku ƙara sa'o'inku kaɗan-kaɗan, bayan kowane mako uku ku sassauta mako guda. Ba kuma kowa ne zai je Olamfik ba. Dubban malamai da direbobi da ma'aikatan jinya ke kammala Vasaloppet da Birkebeiner na Norwe mai kilomita 54 kowace shekara, kuma wannan buri ne da wanda ya fara yana ɗan 20 zai iya cimmawa. Batun tsada ma da sauƙi: BUA a Norwe da Fritidsbanken a Suwidin suna ba da aron kayan wasa kyauta.

Sai masu cewa jikinmu ba na sanyi ba ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ɓoye ta cutarwa ce. Binciken da aka yi kan sojojin Amurka da na Birtaniya ya nuna cewa 'yan asalin Afirka sun fi saurin samun illar sanyi a yatsun hannu da na ƙafa. Abin da wannan ke nufi shi ne ku fi kowa kula: safar hannu mai haɗa yatsu wuri guda, busasshiyar safar ƙafa ta canji a jaka, ulu a jikin fata maimakon singiletin auduga da ke riƙe gumi ya koma yana zuƙe ɗumin jiki da zarar an tsaya. Yatsan da ya daina ciwo ya mutu murus, a koma ciki nan take. Hukumar wasan ta duniya kanta ba ta yarda a yi tsere idan sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Ku ci abinci ku ƙoshi, musamman ku 'yan mata, kada wani ya ruɗe ku cewa rama ce ke kawo gudu; Jessie Diggins ta Amurka, mai zinaren Olamfik na 2018, ta fito fili ta faɗi yadda matsalar cin abinci ta nemi halaka ta. Azumi kuma a 'yan shekarun nan cikin hunturu yake faɗowa, yini gajere ne a arewa, akwai hanyoyin zamiya masu fitilu a gefen garuruwa, don haka fita mai sauƙi bayan buɗa-baki ta wadatar.

Duk abin da na faɗa a baya, wanda ya saɓa masa tsere zai rasa ko ya yi jinyar gwiwa. A kan tsauni rai ake rasawa. Mai hawan tsauni yana manna wani ƙyalle mai gashi a ƙarƙashin katakonsa domin kada ya zame baya, ya yi sa'a uku ko huɗu yana hawa, ya kai ƙololuwa jiƙe da gumi, iska na dukansa, ya ɓare ƙyallen ya naɗe da yatsun da suka fara sandarewa, sannan ya dubi gangaren da ba wanda ya taka. A daidai wannan lokacin ne hankali ke raguwa, sha'awa ta ƙaru. Yawancin zaftarewar dusar ƙanƙara a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45 take faruwa, wato daidai irin gangaren da ya fi daɗin zamowa. A mafi yawan haɗurran da suka ci rai, wanda abin ya rufta da shi ko wani cikin tawagarsa ne ya tayar da ita. Ma'aunin haɗari na Turai mataki biyar ne, amma kusan rabin mace-mace a mataki na 3 suke aukuwa, domin a na 4 da na 5 kowa na jin tsoro ya zauna gida, a na 3 kuwa rana na haske, sama tas, mutum ya ce ai matsakaici ne. Ƙididdigar Suwizalan da aka daɗe ana dogaro da ita ta nuna cewa cikin waɗanda dusa ta binne gaba ɗaya, kusan tara cikin goma na rayuwa idan an tono su cikin minti 15, amma bayan minti 35 kusan ɗaya cikin uku ne ke saura. Da zarar dusar ta tsaya sai ta daskare, wanda ke ciki ko hannu ba ya iya ɗagawa. Jirgin ceto ba kasafai yake isowa cikin wannan ɗan lokaci ba, abokan tafiya ne za su tono shi ko su rasa shi.

Kada ku ce ƙarfinku ko gwanintarku za ta fisshe ku. Ƙarfi yana kai mutum can cikin wurin haɗari da wuri ne kawai. A watan Fabrairun 2012, a Tunnel Creek da ke jihar Washington ta Amurka, mutum 16 suka fita tare, yawancinsu ƙwararru ne da suka san wurin, dusa ta zaftare ta kashe uku. Daga baya wasunsu suka ce ransu bai kwanta ba tun daga sama, amma kowa ya yi shiru ganin manya na wurin. Wannan ya fi taɓa ku, domin mu an tarbiyyantar da mu kan kunya da kawaici a gaban na gaba, ga shi kuma sau da yawa kai kaɗai ne baƙar fata a tawaga, ba ka so a ce kai ne ka ji tsoro. A kan tsauni ka ajiye wannan kunyar. In ranka bai kwanta ba ka faɗa da babbar murya, in an ƙi ji ka juya. Ƙa'idojin tsauni na Norwe, waɗanda aka yaɗa sosai bayan asarar rayuka a hutun Ista na 1967, sun faɗa ƙarara cewa juyawa kan lokaci ba abin kunya ba ne.

Saboda haka kafin ku taka gangaren da ya kai digiri 30, ku yi kwas na sanin zaftarewar dusa wurin masu koyarwa na gaske. Kowa ya ɗaura na'urar aika sigina a jikinsa ƙarƙashin riga, ya sa shebur da sandar lalube a jaka, kuma ku riƙa binne jaka da na'ura a ciki kuna nemanta da agogo a hannu har abin ya zame muku jiki. Ku karanta hasashen haɗari na ranar, Varsom in kuna Norwe, SLF in kuna Suwizalan. Ku tsayar da lokacin juyawa tun kuna gida, ku gaya wa wani hanyar da za ku bi da lokacin da za ku dawo, ku kuma sauko gangare mai shakku ɗaya bayan ɗaya, sauran na tsaye a amintaccen wuri suna kallo. Hunturunku na farko da na biyu ku yi su a gangaren da bai kai digiri 30 ba, wanda kuma babu mai tsayi a samansa.

Allah Ya tsare ku, Ya yi muku albarka. Wassalam.