Yadda Ake Koyar Da Ilimin Teku A Garin Da Babu Teku

Yaron Sakkwato ko na Kano kan gama sakandare bai taɓa ganin teku ba, alhali ruwan daminar da ke raya gonar gidansu daga Tekun Atilantika iska ke kwaso shi. Daga nan ya kamata malami ya ɗauko zancen.

Da farko, a haɗa ruwan teku a aji: gishiri giram 35 cikin ruwa lita ɗaya. A zuba a roba, a kafa ƙaramin kofi a tsakiya, a rufe da farar leda, a ɗora tsakuwa saitin kofin, a kai rana. Kafin la'asar ruwa zai ɗiga cikin kofin. Yara su ɗanɗana, su ji babu gishiri. Haka rana ke ɗibar ruwan teku ya zama hadari.

Sai a fita da su. Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato, a ƙarƙashin teku ya taru kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, kuma har yau ana tsintar ƙwanson halittun ruwa a cikinsa. Akwai ma wata dabbar teku ta zamanin da, Goronyosaurus, wadda ta ci sunan Goronyo. Idan Kalambaina ta yi nisa, yara su tattaro duwatsun unguwarsu, kowanne a rubuta inda aka samo shi.

Daga nan sai iyaye. A ranar taron iyaye da malamai, ɗaliban da kansu, maza da mata, su nuna aikinsu. Dole wani uba ya tambaya: "Malam, wannan karatun me ake ci da shi?" Kada malam ya amsa shi kaɗai. Ya gayyato masanin da ke auna ƙasa kafin a haƙa rijiyar burtsatse, ya bayyana aikinsa da bakinsa.

A ƙarshe, a nuna wa ɗalibai hanya: su riƙe lissafi da darussan kimiyya da kyau. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na da sashen nazarin ƙasa da duwatsu, Legas kuma na da cibiyar binciken teku ta ƙasa tun 1975.

Ranar 8 ga Yuni ce ranar teku ta duniya. Malamai, ku sa ta cikin tsarin makarantarku, ku kuma gayyato iyaye.