Ciwon Sanyi na Mata Ba Cuta Ɗaya Ba Ce

Jama'a, kusan kowace kasuwa akwai mai lasifika yana tallar maganin sanyi, wai kwalba ɗaya ta kashe kowane iri. Mu sani, abin da muke kira ciwon sanyi cututtuka ne daban-daban, kowacce da musabbabinta da maganinta.

Ire-irensa

Na farko shi ne na kandida, mai kawo ƙaiƙayi mai tsanani da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. Likitoci sun ce mata uku cikin huɗu sukan gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa.

Na biyu yakan zo ne idan ƙwayoyin halitta masu amfani da Allah ya sanya su tsare gaban mace suka ragu. Alamarsa tsararon ruwa mai ƙarni. Kimanin mace ɗaya cikin huɗu masu shekarun haihuwa tana ɗauke da shi.

Na uku su ne waɗanda ake ɗauka wajen saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an kamu da tirikomonas sau miliyan 156, kilamidiya miliyan 129, gonoriya kuwa miliyan 82. Da yawa daga masu su ba sa ganin wata alama.

Me ke jawo shi?

Ga iri biyun farko, wani babban abu shi ne wanke can ciki da sabulu ko ruwan Dettol, da cusa alif ko kayan matsi. Mace na ganin tsafta take yi, alhali masu gadinta take kashewa. Sai shan kafso barkatai daga kemis, da ciwon suga, da juna biyu, da kamfai na leda mai riƙe gumi, da yin tsarki daga baya zuwa gaba. Wadda ke wanka ko wanki a kududdufi kuma, tsargiya na iya kama mahaifarta, a yi ta ba ta maganin sanyi a banza. Zargin banɗaki da ake yawan yi kuwa, da wuya a ɗauki waɗannan cututtuka daga can.

Illar sakaci

Gonoriya da kilamidiya sukan hau har bututun ƙwai su toshe shi. Daga nan sai ciwon mara, rashin haihuwa, ko ciki a wajen mahaifa. Wasu daga cututtukan nan kan jawo haihuwar bakwaini, su kuma sauƙaƙa kamuwa da ƙanjamau.

Abin yi

Uwargida, ɗan ruwa mara wari, mara ƙaiƙayi, halitta ce, ba cuta ba. In ya sauya launi ko wari, ki je asibiti a yi gwaji. Ki shanye magani duka ko da kin ji sauƙi. Wanke waje da ruwa mai tsabta ya wadatar, kamfai kuma ya zama na auduga, a shanya shi a rana.

Maigida, in gwaji ya nuna irin na saduwa ne, kai da dukan matanka za a yi wa magani lokaci guda, a kuma dakata da kwanciya har a gama. In aka bar mutum ɗaya, cutar za ta sake zagaye gidan. Kada ka jira sai ta roƙa: ka ba da kuɗin gwaji, ka raka ta.