Aljebra a Idon Ɗalibin Harshe

Gabatarwa

Da yawanmu gudun lissafi ne ya kawo mu sashen harshe. Sai dai duk wanda ya iya fiɗar kalma, ya raba saiwa da ɗafi, to ya riga ya san rabin aljebra. Ita kanta kalmar daga Larabci take, wato aljabru, ma'ana ɗori, kuma ta fito ne daga sunan littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820.

Fitar da Abin Tarayya

A dubi manomi, maɗinki da marubuci. Dukkansu sun yi tarayya a ɗafin ma-. Haka abin yake a lissafi. A ce ɗaliba ta shiga kasuwar Gwagwalada ta sayi littafi 3 da biro 3. In kuɗin littafi x ne, na biro y, za ta biya 3x + 3y. Tunda 3 ta bayyana a gaɓoɓin biyu, sai a fitar da ita waje: 3(x + y).

Sake Jeri

Wani lokaci abin tarayyar ba ya fitowa sai an sake jera gaɓoɓi. Misali:

xy + 6 + 3x + 2y

A nan xy da 6 ba su haɗa komai ba. Sai a kai kowace gaɓa kusa da 'yar'uwarta:

xy + 3x + 2y + 6
x(y + 3) + 2(y + 3)
(x + 2)(y + 3)

A kula, kowace gaɓa da alamarta take tafiya. A 5x − 2 + x, alamar ɗebewa ta 2 ce. Wanda ya bar ta a baya ya ɓata amsa, kamar yadda sauya karin sauti ke sauya ma'anar kalma.

Gaɓa Uku

A x² + 5x + 6, ana neman lambobi biyu da in an ninka su a sami 6, in an tara a sami 5. Su ne 2 da 3. Amsa: (x + 2)(x + 3). Don tabbatarwa, a sa 1 a gurbin x: 1 + 5 + 6 = 12, haka ma 3 × 4 = 12.

Kammalawa

Gobe ƙaninka mai shirin jarrabawar NECO zai kawo maka irin wannan, kada ka ce kai ɗan Hausa ne. Gwada x² + 7x + 10 tun yau.