Kafin Ka Fesa Roba a Kan Ƙarfe, Auna Zafinsa

Mai fesa garin roba da bindigar wuta a kan bututu ko tanki yakan zuba wa harshen wutar ido, ya manta da ƙarfen, alhali a jikinsa aikin ke gyaruwa ko lalacewa.

Idan ƙarfen da sanyi, narkakkiyar robar na sauka sai ta daskare, ba ta baje ta cike ƙananan ramukan da feshin yashi na goge ƙarfen ya bari ba. Iska ta maƙale a ƙarƙashi, ruwa ya samu hanya, tsatsa ta biyo baya, rufin robar ya saluɓe kamar ɓawon rogo. Saboda haka fara ɗumama ƙarfen har ya kusanci zafin da robar ke narkewa: foliyetilin tsakanin digiri 105 da 135 a ma'aunin Salsiyas, nailan 11 kuwa wajen 190. Ƙarfe mai kauri akwai shan wuta, sai da haƙuri.

Idan zafin ya yi yawa kuma, robar ta yi hayaƙi, ta sauya launi, ta yi gautsi.

Ma'aunin zafin da ake haskawa daga nesa yakan yi ƙarya a kan ƙarfe mai sheƙi. Nemi wanda ake ɗorawa a jikin ƙarfen.