Krist Novoselic: Daga Kiɗan Jita Zuwa Kafa Jam'iyya

'Yan uwa ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa a kan wani Ba'amurke ne da ya yi suna a kiɗa, daga baya ya faɗa siyasa, amma ba ta hanyar da muka saba gani ba.

An haifi Krist Novoselic a 1965 a jihar Kalifoniya, iyayensa 'yan asalin Kuroshiya ne. A garin Aberdeen na jihar Washinton ya haɗu da Kurt Cobain, suka kafa ƙungiyar kiɗan rok mai suna Nirvana a 1987. Shi ne mai kaɗa jitar bes, wato jita mai tsarkiya huɗu da kaurin amo, wadda ke riƙe wa sauran makaɗa taki. Faifansu Nevermind na 1991 ya yi kasuwa har ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Janairun 1992. Da Cobain ya mutu a 1994, ƙungiyar ta watse.

To me ya kai shi siyasa? Doka ce ta taɓa sana'arsa. Tun 1985 birnin Siyatil ke da dokar da ta tilasta wa masu shirya wa matasa casu su yanki inshorar dala miliyan 1, su kuma ɗauki 'yan sanda gadi. Ƙananan makaɗa ba su da wannan kuɗin. A 1995 ya kafa ƙungiyar JAMPAC, suka yi ta fafutuka, sai a 2002 aka sauya dokar. Nan ya gane cewa ihu a kan dandamali ba ya goge doka, sai an san yadda ake yin ta.

Daga nan ya juya ga tsarin zaɓe kansa. A 2008 ya zama shugaban kwamitin FairVote, masu neman a riƙa zaɓe ta jera 'yan takara: na ɗaya, na biyu, na uku. Ga misali. A ce mutum 100 sun jefa ƙuri'a, A ya samu 40, B 35, C 25. A tsarin da muka sani, A ya ci, alhali mutum 60 ba shi suka zaɓa ba. A tsarin jeri kuwa, sai a cire C tunda shi ne na ƙarshe, a duba zaɓi na biyu na mutanensa. In 20 sun sa B, 5 sun sa A, to B ya ci da 55. Jihar Maine ta fara aiki da wannan tsari a 2018.

Bai kuma raina karatu ba. A 2016 ya kammala digiri a Jami'ar Jihar Washinton ta intanet. A 2024 ya kafa jam'iyyar Cascade a jiharsu. Ƙarama ce ƙwarai, ba ta kama ƙafar manyan jam'iyyun Amurka biyu ba.

Abin ɗauka a nan shi ne, suna yana buɗe wa mutum ƙofa, amma sanin ƙa'ida ne ke zaunar da shi a ɗakin. Mu da muke cika fili ranar kamfen ɗin ƙungiyar ɗalibai, mu nawa muka taɓa karanta kundin tsarin mulkinta? Kafin zaɓe mai zuwa, a nemi kwafi a duba yadda ake ƙirga ƙuri'a da wanda ke naɗa hukumar zaɓe.