Waƙar da Za Ta Bi Ka Kasuwa

Karatu: Kolosiyawa 3:12-17, 1 Tarihi 15:16-22
Ayar haddacewa: Kolosiyawa 3:16

Gabatarwa

Ɗan'uwa cikin Almasihu, kowace Lahadi mawaƙanmu sukan tashi su yi waƙa ta musamman kafin wa'azi. Sau da yawa sukan ɗauko tsohuwar waƙa daga Littafin Waƙoƙi, su raba ta murya huɗu, su sa mata sabon kiɗa. Wannan abu ne mai kyau, gama da tsohuwar zuma ake magani. Amma waƙoƙin suna da yawa, Lahadi kuwa 52 ce a shekara. Wacce za a ɗauka, wacce za a bari?

Manzo Bulus ya nuna wa ikilisiyar Kolosi cewa waƙa hanya ce ta koyarwa da gargaɗi a tsakanin masu bi. Ka lura da kanka: kafin Laraba ka manta rabin wa'azi, amma amshin waƙa yana bakinka kana buɗe rumfa a Kasuwar Sabon Gari, ko kana auna yadi a Kantin Kwari. Saboda haka abin da mawaƙa suka zaɓa, shi jama'a za su ci har mako ya ƙare. Ga ma'auni huɗu.

1. Maganar waƙar

A fara karanta baitocin ba kiɗa. Mece ce waƙar take faɗa a kan gicciye, da jinin Yesu, da aikin Ruhu Mai Tsarki? Za ka iya nuna ayar da ta tsaya a kai? Idan an datse waƙa don a rage lokaci, a kula kada a yar da baitin da ke ɗauke da bishara, a bar wanda ya fi daɗin kunne kawai.

2. Ganewar jama'a

A 1 Korantiyawa 14:15 Bulus ya haɗa abu biyu wuri ɗaya: yin waƙa da ruhu, da yin waƙa da fahimta. A Sabon Gari, benci ɗaya yakan ɗauki mai jin Hausa, da mai jin Ibo, da mai jin Yarbanci, da mai jin Turanci kaɗai. Tsohuwar waƙa tana da wata albarka a nan: da yawa daga cikinsu an fassara su cikin harsunan nan duka, karin kuwa ɗaya ne. Mawaƙa za su iya yin baiti ɗaya da Hausa, na biye da wani harshe. Sai dai a yi hankali, yawancin karin nan daga Ingila da Amurka suka zo, kuma sukan ja kalmar Hausa har ta ɓace. Idan dattijuwar da ke bencin baya ba ta ji kalmomin ba, a rage ƙarar ganga da jita.

3. Halin da ikilisiya take ciki

Shugaban mawaƙa ya tambayi fasto nassin wa'azi tun farkon mako. Ya kuma dubi lokaci: Kirsimeti ne, ko Ista, ko Jibin Ubangiji, ko ranar godiya? Ya dubi zukatan mutane ma. Waɗanda suka ga gobarar Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 sun san yadda mutum yake shiga sujada bayan jarinsa ya zama toka. Horatio Spafford, lauya a birnin Shikago, ya yi babbar asarar dukiya a gobarar 1871. A 1873 kuma 'ya'yansa mata huɗu suka mutu sa'ad da jirgin ruwansu ya nutse a Tekun Atalantika. Daga cikin wannan baƙin ciki ya rubuta "It Is Well with My Soul". Mai shagon da ya yi asara zai karɓi ta'aziyya daga bakin wanda ya sha irin ruwan da ya sha.

4. Ƙarfin mawaƙa

An sa Kenaniya shugabancin waƙa domin gwani ne (1 Tarihi 15:22), kuma 1 Tarihi 25:7 ya ƙidaya horarrun mawaƙa 288. Allah yana son aiki mai kyau. Amma yawancin mawaƙanmu 'yan kasuwa ne da ɗalibai, sai sun tashi daga aiki da yamma suke zuwa koyon waƙa. Gara waƙa mai sauƙi da aka iya sosai da mai wuya da za ta watse a tsakiya. A kuma bar wa jama'a ƙofa: a baiti na ƙarshe kowa ya tashi ya shiga. Bulus da Sila ba su da kayan kiɗa a kurkukun Filibi, duk da haka sun yi waƙa da tsakar dare (Ayyukan Manzanni 16:25). Irin waƙar da mutum zai iya yi shi kaɗai cikin duhu muke nema.

Naka aikin

Ko ba ka cikin mawaƙa, kana da hannu a ciki. Ka yi musu addu'a. Idan wata waƙa ta taɓa riƙe ka a ranar wahala, ka gaya wa shugabansu. Idan kuwa ba a zaɓi taka ba, kada ka yi gunaguni, ka buɗe baki ka yi wadda aka zaɓa.

Tambayoyi

1. Wace waƙa ce takan zo bakinka a wurin aiki? Me take koya maka?
2. Ta yaya za mu taimaki yaranmu su san tsofaffin waƙoƙi?

Addu'a

Ya Uba, ka ba mawaƙanmu hikimar zaɓe da tawali'u. Ruhu Mai Tsarki, ka shafe muryoyinsu, ka sa maganar Almasihu ta bi mu gida da kasuwa. Cikin sunan Yesu, amin.